Yadda Atalas ya sauka a Liba

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Hali, Allah ya jiƙansa. In ka je Liba ka ce Hali, sai an yi ta tunani. Ce Malam Atalas, yanzu a nuna maka gidansa.

Tare muka koyar a firamaren Liba, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Ni lissafi, shi labarin ƙasa. Littafin taswira ɗaya tal muke da shi, shi ma Hali ne ya ɗauro shi a keke daga kasuwar Jega, yana ta rawar jiki. A bangonsa akwai hoton wani ƙato ba riga, ya durƙusa da duniya a wuya.

Yara suka kai labari gida, wai an kawo gunki makaranta. Kafin mako ya zagayo aji ya koma rabi. Alhaji Garba, babban manomin albasa, ya aiko cewa ko a ƙone littafin, ko su kwashe sauran 'ya'yansu. Na ce wa Hali ya yage bangon mu huta, ya ƙi. Wallahi na ji haushinsa.

Ranar Asabar Alhaji ya zo da dattawa, ya dangwala yatsa a hoton. "Malam, wanga ƙato wane na? Gunki kunka kawo ma ɗiyanmu?"

Ai kamar jira Hali yake. Ya miƙe, bakinsa har kunne. Ya ce tatsuniyar Girkawa ce: wani ƙato mai suna Atalas ya yi tawaye, aka hukunta shi da ɗaukar sama a kafaɗa. Masu zana taswira a Turai suka mayar da saman duniya, suka riƙa buga hotonsa a bango, har sunan ya manne wa littafin. Bature atalas yake cewa, Balarabe atalas, mai karatu da Faransanci a Nijar ma haka. Tekun Atalantika da ke Legas, sunan nan ne dai. "Babu mai bauta mai, Alhaji. Ɗan dako na kawai."

Alhaji bai yi dariya ba. "To, in duniya duka tana ciki, gwada muna Kabi."

Na san babu ta a ciki, don an buga littafin tun ba a yi jihar ba. Hali ya zaro jan biro. "Ku kunka san iyaka, Alhaji. Ku hwaɗa, in zana."

Zo ka ga dattawa sun haɗa kai a kan shafi ɗaya, ana gardamar inda Maiyama ta tsaya da inda Aliero ta fara. Alhaji ya kafe sai an ɗiga Liba, kuma ɗigon ya fi na Jandutsi girma. Ranar Litinin aji ya cika har da zaman ƙasa. Tun ranar nan sunan Hali ya ɓace, sai Malam Atalas.

Yau taswira tana cikin wayar kowa. Na san da Hali yana raye da ya hana jikokina sakat, sai sun nemo masa Liba ya ga ko an ɗiga ta daidai. Littafin kuwa gara ta cinye shi tuni, ni ma da na so a yage bangonsa abin ya yi mini ciwo.

Makon jiya ina tsaye inda ake lodin albasa a Aliero, wani ɗan dako ya cira buhu ya aza a wuya. Sai na ji direban motar, wanda bai taɓa ganin Hali ba, yana cewa, "Ka ga Sani ya yi atalas."

Na riƙo hannunsa na ce, "Ɗana, ina ka samo kalmar nan?"

Ya dube ni da mamaki. "Hausa ta mana, Baba."

Na yi ta dariya har hawaye suka zubo, ya rasa abin da ya same ni.