Robar da Aka Ɗaura wa Rahila

Kakata ba ta ba da tatsuniya sai an wanke tukunyar gwate. Dokarta ke nan a gidanmu na Kagoro, can gindin dutse. Da an gama cin abinci sai ta ja kujerarta kusa da murhu, ta turo mana kwandon citta mu riƙa kankarewa, don ba ta yarda kunne ya yi aiki hannu na zaune ba. Hayaƙi na cin idonmu, ita kuwa sai ta yi kaki ta tofar a toka, ta ce, "Ku matso, wata ta gangaro daga dutse." Mu ce, "Ta gangaro mu ji."

Wadda na fi ƙi ita ce ta kura mai busa ƙaho, kuma ita ta fi maimaita mana. Wai sarkin dawa ya nemi mabushin da zai hau dutse a guje yana busa, sauti bai yanke ba har ƙololuwa. Kura ta ce ita ce. Da safe ta cika ciki da mushen akuya da ya fara tsutsa, sannan ta sa aka ɗaure mata haƙarƙari da igiya tamau, wai kada iska ta zube mata a hanya. Da farko ƙahon ya cika daji. A tsakiyar hawa ya koma kamar kukan ɗan tsako. Ta ja numfashi, ƙirji ya ƙi buɗewa. Ta sake ja, sai mushen ya taso, ya bi ta cikin ƙahon ya feshe masu kallo.

A nan Kaka take kwaikwayon sautin da bakinta, mu ture kwandon don ƙyama. Ita ko a jikinta.

"Ƙafar kura fa lafiya lau take," in ji ta. "Naman da ke tsakanin haƙarƙari shi ke jan iska, shi ma yana gajiya kamar hannun mai daka. Wane wawa ne zai ɗaure hannun mai daka ya ce ta ƙara sauri?"

Ni dai a lokacin ƙazantar kawai nake gani, na ɗauka tsohuwa ce mai son ɓata wa yara abinci.

Kaka ta daɗe da tafiya gida wurin Ubangiji lokacin da 'yata Rahila ta fara fice a wasan gudu. Muna zaune a Kafanchan, makarantarsu za ta zaɓi masu zuwa gasa a Kaduna, yarinyar nan ba ta da zance sai wannan. Malamin wasanninsu wani mai tumbi ne da usur a wuya, ban taɓa ganin ya yi gudu ba ko ruwa ake tsugawa. Ashe tsohon tub ɗin tayar babur yake yankawa ya ɗaura wa yara a ƙirji ƙarƙashin riga, wai yana hana ciwon gefe. Ban sani ba sai ranar zaɓen.

A zagayen ƙarshe Rahila ce gaba. Sai na ga kafaɗunta na hawa har kunne, baki a buɗe, amma ƙirjin ba ya motsi. Ta durƙusa ta yi amai a kan layin tokar da aka zana. Malam yana busa usur yana cewa, "Tashi, ragwanci ne." Iyaye na tafi, har da matan zumuntarmu na coci, suna cewa ta daure. Na faɗa filin na ɗaga rigarta. Baƙar roba ta nutse cikin fata, gumi da datti sun taru a gefenta. Ƙullin ya ƙi hannu, da haƙori na kwance shi. Har yau in na tuna ɗanɗanon robar nan sai yawu ya cika min baki.

"Madam, kin ɓata mata dama," in ji malamin.

"Malam, da kai aka ɗaura wa, ko bakin get ba za ka kai ba."

Sunanta bai fito cikin masu tafiya ba. Abin da ya fi ba ni ƙyama ba malamin ba ne, mu ne. Kurar Kaka kanta ta cuta, mu kuwa 'ya'yanmu ake ɗaurewa muna tsaye muna tafi, don kawai mai ɗaurin yana da usur.

A cikin keke muna komawa gida Rahila ta ce, "Mama, saura kaɗan fa, da kin bar ni." A raina na ce zafin rashi ne, zai wuce. Ranar Asabar ina zazzage jakarta zan wanke, sai wata sabuwar roba ta faɗo. Ita da kanta ta je ta roƙo wurin mai faci, kuma ta fi ta malamin faɗi.