Sarawar Baba Usur

Shekara ashirin da biyu Baba Usur ya yi yana buɗe ajin ƙarshe na firamaren unguwarsu kowace Asabar da ƙarfe huɗu. A gidan waya ya yi aiki har ya ajiye, amma ba wanda ke tuna shi da wasiƙu. Shi ne shugaban ƙananan 'yan sikawut, masu shekara bakwai zuwa goma.

Tsarin taron bai taɓa canjawa ba. A tura bencina jikin bango. Ya busa usur, yara su yi da'ira. Ya kai yatsu biyu goshi ya sara, su sara, su karanta alkawari, a duba farce da ɗaurin ƙyallen wuya, sannan a shiga koyon ƙullin igiya. Dokarsa ɗaya ce: "Ku kalle ni. Abin da na yi, shi za ku yi."

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya ce ciwon ba ya komawa baya. Babbar 'yarsa ta ce ya huta.

"Baba, shayi ma rabin kofi ake zuba maka."

"Shan shayi nake koya musu? Ranar da yaran suka lura zan bari. Kafin nan ki ƙyale ni."

Ya kuwa iya ɓoyo. Igiya ya bar wa malamar da ke taimaka masa, hannun yana aljihu, sai lokacin sarawa yake fitowa.

Asabar ɗin da aka ɗauki sababbi biyar, ya sara, ya bi da'irar da ido. Hannuwa goma sha tara a goshi, kusan duk suna karkarwa. Ya zaci tsokana ce, ya nemi mai dariya, babu. Wata mai wushirya ma gyara wa wani sabon yaro take yi: "Kai, ba haka ba! Girgiza shi kaɗan-kaɗan, yadda Baba ke yi."

"Tun yaushe?" ya tambayi malamar ƙasa-ƙasa.

"Tun zangon da ya wuce, Baba. Na rasa bakin faɗa maka."

Ya ƙarasa taron, ya tsaya a ƙofa har iyaye suka kwashe yaran.

A gida 'yarsa ta dubi fuskarsa. "Sun lura?"

"Ba su lura ba. Koya suka yi." Ya zauna a bakin gado da takalmansa. "Ki kira malamar. Ranar Asabar ta buɗe ajin da kanta. Ta gyara musu sarawar a hankali, kada ta ce musu kuskure suka yi."