Muciyar Aduwa a Ƙarƙashin Rumbu

Ni ba na cikin masu tuna ƙuruciya suna murmushi. In na tuna hirar da muke yi da kakata a bakin murhu, da farko daɗi nake ji, can sai haushi ya taso mini, in rasa wa zan huce a kansa.

A wani ƙauye na tashi kusa da Faru, ƙasar Maradun. Gidanmu babba ne, kuma Baffa Sani, yayan mahaifina, shi ne maigida. Kakarmu Inna muke ce mata, don kuwa haka muka ji su Baba na kiranta. Da an yi magariba an ci tuwo, sai ta jawo 'yar kujerarta kusa da murhu, ta tura karan dawa cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi ba ya bi. Sai ta zaro wata 'yar wuƙa daga kube, ta ɗauko guntun icce.

Inna ba ta iya tatsuniya hannunta na zaune ba. Tana magana tana sassaƙa. Mahaifinta masassaƙi ne a Bakura, bai haifi namiji ba, ita ta tashi tana miƙa masa gizago har ta kwashe sana'ar da ido. Muciya, maburgi, cokalin icce, duk na gidanmu aikinta ne. Amma in baƙuwa ta yaba, sai matan gida su yi caraf su ce, "Kasuwar Mafara anka sawo." Inna na zaune tana jin su. Wai mace ba ta sassaƙa. Har yau ban samu wanda ya gaya mini wa ya fara faɗin haka ba.

In za ta fara, sai ta ƙwanƙwasa iccen da bayan wuƙa ta ce, "Baƙuwa ta yi sallama." Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta yarinyar da muciyarta ta karye. Wai tana tsakiyar tuƙa tuwon baƙi muciya ta karye a hannunta, ta ruga daji neman wata. Tumfafiya ta ce, "Yanke ni, ni ba ni da wuya." Ta yanka, ta fere nan take, tana sawa a tukunya ta lanƙwashe, farin ruwanta ya ɓata tuwon. Ta koma. Maɗaci ya ce, "Dube ni ja wur, ni na dace da hannun budurwa." Ta sassaƙa, ta tuƙa wani tuwon, baƙi suka kai loma ɗaya suka tofar don ɗaci. Ta sake komawa tana kuka, ta iske aduwa da ƙayoyinta. Aduwa ta ce za ta ba ta reshe ɗaya tak, amma da sharaɗi: ta sassaƙa shi yana ɗanye, sannan ta ajiye a inuwa har ya bushe don kansa. Yarinya ta tuna baƙi na jira, ta shanya muciyar a kan dutse da rana tsaka. Kafin la'asar ta tsage tun daga baki har mariƙi. Ta koma gun aduwa, aduwa ta ce, "Ɗaya nic ce miki." Sai ta dawo gida ta tuƙa tuwon da hannunta.

"Shi yas sa," in ji Inna, ta buɗe tafinta a hasken wuta, "har yau cikin hannun ɗan Adam ya hi bayanshi hwari. Tuwon nan na yas saɓule shi."

Sauran yara suka shiga juya hannuwansu suna dubawa. Ni kuwa raina ya ɓaci.

"Inna, baƙin nan ba su da hannu ne? Suna zaune yarinya na ƙonewa?"

"Baƙi na, Luba."

"To aduwar fa? Rassa nawa gare ta? Rowa ce kawai!"

Ta yi dariya har tana tari. "Ke Luba, wagga zuciya taki ta isa dahwa tuwon gidan ga ba icce. Tatsuniya ta, ba shari'a ba."

Washegari na ce sai ta koya mini sassaƙa. Lokacin ban gama firamare ba. Ta dubi wajen zaure tukuna, sannan ta ce, "In kin iya riƙe bakinki, wanda ni ban ga alama ba."

Ba ta ba ni icce ba. Karan dawa ta fara ba ni, in feƙe shi ya yi tsini, in jefa a wuta, in ɗauki wani. Na yi mita har ta gaji. Daga nan ta ba ni reshen ararraɓi mai laushi. Dokokinta ba yawa, amma da ranƙwashi take koyar da su. Bakin wuƙa waje yake kallo, ba cikinki ba. Ba a ɗora icce a cinya. Kaɗan-kaɗan ake ɗauka, kamar kina feren rogon da ba naki ba. Dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mutum, don ita sai an danna ta da ƙarfi, saboda haka kullum sai na wasa ta a dutse kafin in fara. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne gane yadda icce yake kwance.

"Shahwa shi kamar bayan akuya," take cewa. "In kin bi gashi, shi bi ki. In kin tada gashi, shi tsage miki."

Ranar da na datse babban yatsana, ta ɗaure da tsumma ta ce in gaya wa Umma kara ne ya yanke ni. Na faɗa, aka yarda.

A gidan mahaifinta akwai al'ada. Ba a ba mai koyo wuƙar kansa, ba a barinsa ya taɓa gizago, sai abin da ya fara sassaƙawa ya shiga tukunya, wanda ya koya masa ya ci abincin. Inna ta ce, "Ranar da nic ci tuwon muciyarki, ranar za ni ba ki yuƙar ga, in hiddo gizagon babana in gwada miki riƙonshi." Gizagon yana ƙarƙashin gadonta, naɗe a tsohon zane. Na taɓa leƙa shi. Ba abin da nake so a duniya lokacin kamarsa.

Ta sa aka saro mata reshen aduwa da sunan za ta yi turken akuya. Kullum da hira in zauna a bayanta, tana ba yara labari ina sassaƙa a inuwar jikinta, ɓawon in tura cikin wuta. Tafina ya yi bororo ya fashe. Muciya ta fito, ta ɗan karkace a wuya, amma muciya ce, kowa ya gani ya san muciya ce. Inna ta shafe ta da man gyaɗa ta ce, "Sai inuwa."

Na cusa ta ƙarƙashin rumbu. Ni da ban taɓa jiran kunu ya huce ba, na zauna jiran icce. Kullum da safe in zaro ta in kai ɗakin Inna.

"Ta bushe."

"Ƙwanƙwasa mu ji. Kin ji? Tana hwaɗin dum. Sai ta ce ƙwal."

Kasuwa ta ci ta sake ci, ana nan. Ni kunnena ƙwal yake ji, ita ta ce a ƙara mata ko mako ɗaya, ba a gaggawa da aduwa. Sau nawa na yi niyyar ɗora ta kan rufin kwano ta sha rana in huta, sai in dubi tafina in fasa.

Ana haka Baffa Sani ya sunkuya duba gindin rumbu ko gara ta hau, ya ci karo da ita. Da ganin karkacewar ya san ba hannun Inna ba ne. Ya bari sai da muka zauna hira, ya shigo da ita a hannu.

"Aikin wa na wanga?"

Na miƙe na ce, "Nawa ne."

Ko kallona bai yi ba. Ya rage murya, ya ɗan rusuna. "Inna, naki mun yi shiru don girmanki. Amma ɗiya mace ta taso gidan ga tana sassaƙa kamar ƙato? So kike a yi muna dariya cikin gari? Don Allah a bar wanga abu."

Sai ya cusa muciyar cikin murhu.

Duk wanda ya taɓa hura wuta ya san ɗanyen icce. Yana huci, yana kumfa a baki, hayaƙinsa na sa hawaye. Tawa ba ta yi ko ɗaya ba. Nan take ta kama, wuta tas, ba hayaƙi. Ta bushe. Ta daɗe da bushewa. Da a ce da ita aka tuƙa tuwon da muka ci a maraicen nan, da zance ya ƙare, wuƙa ta zama tawa.

Na ƙwala ihu na kai hannu, Umma ta fizgo ni ta buge mini baki. Na juya ina jiran Inna ta yi magana. Ɗanta ne fa! Ita ta haife shi, da cokalin da ta sassaƙa ya sha kunu har ya yi gemu! Sai kawai ta mai da wuƙa cikin kube ta ce, "Yi haƙuri, Luba."

Ba ta ƙara zaro ta ba. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya hannuwanta a kan cinya, labaran suka riƙa gajarta, wani lokaci ta manta inda ta tsaya. Na tafi makarantar kwana. Da na dawo hutu na tarar hannunta na rawa, ko kofi sai an riƙe mata. Ban gama sakandare ba ta rasu, Allah ya jiƙanta. Gizagon aka ba maƙeri ya mai da shi hauya.

Na yi shekaru ina jin haushin Baffa. Daga baya na haɗa da matan gidan da ƙaryarsu ta kasuwar Mafara. Wanda na fi jin nauyin faɗa shi ne ita ma Inna ina jin haushinta, ina yi mata addu'a ina jin haushinta. Tatsuniyarta gaskiya ce, na gwada da hannuna: ka shanya ɗanyen icce a rana, sai ya tsage. Amma dokar icce ce, ita kuwa ta ɗauka ta ɗora wa kanta, ta ɗora mini. Mutum in aka ajiye shi a ɓoye ba ƙwari yake yi ba, tsufa yake yi. Duk abin da ta kwaso a gun mahaifinta, yadda ake raraka akushi, yadda ake riƙon gizago, ya bi ta kabari, don tana jiran ranar da ba wanda zai ji haushi. Ranar ba ta zo ba, kuma ba ta da niyyar zuwa.

Yanzu a Talata Mafara muke, tun da zaman ƙauye ya gagara. Bara na shiga kasuwa na sayi wuƙa, na sake farawa daga karan dawa kamar 'yar yaye. Ba mai ranƙwashina, ba mai gyara mini. Cokulana har yanzu wasu kamar takalmi suke fitowa. Amma a ƙofar gida nake zama in yi, da la'asar, ido na ganin ido.

Shekaranjiya wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya a kaina, ya gama gaisuwarsa mai tsawo, sannan ya riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Ɗiyata, mace da sassaƙa? Wa ya hore ki da wanga aiki?"

Na ce, "Baba, don Allah ɗan gusa, kana tare mini haske."

Ya gusa.