Ɗan Fari a Kan Ƙanƙara

Ni na fara ɗora yaron nan a kan ƙanƙara, kuma a tsakiyar Riyadh, garin da idan ka manta ruwa a mota da azahar sai dai ka nemi ganyen shayi. A lokacin ina aiki a wani filin zamiya da ke cikin wani babban kanti a Ulaya. Ni ke miƙa wa mutane takalman nan masu wuƙa a ƙasa, ni ke wasa waɗanda suka dakushe, ni ke tuƙa motar da ke gyara ƙanƙarar idan an gama karce ta. In wuni cikin rigar sanyi, in fito in tarar da rana tana dafa kwalta. Mura kam tun a shekarar farko ta tare a ɗakina.

Yayana ya riga ni zuwa ƙasar. Tela ne a unguwar Manfuha, yana da ɗan shago a wani lungu, kuma Allah Ya haɗa shi da kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar, mutumin kirki wanda ya yi masa hanya ya kawo matarsa. A nan aka haifa masa ɗansa na fari, wanda nake ba da labarinsa.

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yi masa wasa, ba ya yabonsa ko da ya kamo zaki da hannu. Haka mahaifinmu ya yi wa Yaya, kuma Yaya bai taɓa ganin abin a matsayin ƙiyayya ba, domin a garinmu kowa ya san fassarar wannan shirun. Banda haka, a can gida cike yake da kakanni da gwaggonni masu shagwaɓa yaro har ya gundure su. A Manfuha kuwa ni ne kaka, ni ne gwaggo, ni ne baffa. Idan Yaya zai tambayi yaron sai ya ce da ni, "Ina ɗan naka?" Idan zai aike shi sai ya dubi bango ya ce, "Kai, zo nan."

Matsalar ita ce yaron ya tashi cikin Larabawa, su kuwa da sunan ɗan fari suke kiran mutum, Abu wane, wato baban wane, kuma abin alfahari ne. Maƙwabta sun gwada kiran Yaya haka, ya murtuke fuska ya ce su kira shi tela, ya ishe shi. Yaron yana nan yana ji. Yana ganin abokansa iyayensu na rungume su a ƙofar makaranta, shi kuwa nasa uban sai ya yi gaba da tafiya, shi ya biyo baya. Wata rana ya tambaye ni da 'yar gurguwar Hausarsa, "Baffa, me na yi wa Baba?" Na yi dariya na ce kunya ce, haka ake yi a gida. Ya ce, "Wane gida?" Sai na ce ya ɗauko takalmi mu tafi wurin aikina.

Da farko raka ni kawai yake yi ranar Juma'a. Ya sha ƙasa, wato ya sha ƙanƙara, har na fara tunanin me zan gaya wa uwarsa game da ƙulun da ke goshinsa. Amma kafin a jima yaro ya fi ni tsayuwa a kanta, ni da nake cin abinci da ita. Akwai wasu Turawa, injiniyoyi da likitoci daga ƙasashen sanyi, da suke kama filin a ƙarshen mako su buga hoki. Wasa ne na mutum shida-shida, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba mai taurin dutse zuwa raga. Wani dattijo a cikinsu ya tara yara yana koya musu, ya ga ɗana, ya ce in bar masa shi.

Yaron gaba yake so, kamar kowane yaro, don a gaba ake zura faifai a raga a yi ta tafi. Dattijon ya ƙi. Ya ce yana da jiki, yana da haƙuri, kuma ya iya gudu da baya, saboda haka ɗan baya zai zama. Ran nan da kuka ya dawo gida. Ni kaina sai da na daɗe ina kallo kafin na gane aikin. Ɗan baya da baya yake gudu, fuskarsa na kallon mai kawo hari, ragar gidansu na bayansa. Idan an ɗana sanda za a maka faifan nan, kowa kaucewa yake yi, shi kuwa shiga gaba yake ya tare da ƙafa ko da ƙirji. Idan ya yi aikinsa daidai babu abin da ke faruwa, don haka babu mai tafa masa. Sai ranar da ya yi kuskure kowa zai san da shi.

Dattijon ne ya samo masa makaranta a ƙasarsu, mai ƙungiyar matasa. Na yi zaton Yaya zai hana. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago daga keken ɗinki ba, "In dai zai riƙe salla, ɗanka ne, ka san yadda za ka yi da shi." Ranar tafiya ni na kai shi filin jirgi. Yaya ya ce yana da ɗinkin da za a zo karɓa.

Daga nan rayuwarsa ta koma cikin wayata. Ya buga wa matasa, manyan ƙungiyoyi suka zo zaɓe suka tsallake shi. Ya sami wata ƙaramar ƙungiya a wani gari da ko a taswira sai an ƙura ido, suna wuni a bas daga wannan gari zuwa wancan. Aka sayar da shi, aka sake sayar da shi, har na ce masa ko tunkiyar layya ba ta zaga kasuwa haka ba. Ya bar haƙoransa na gaba a wani fili, ya bar lafiyar kafaɗarsa a wani. Sau ɗaya wata babbar ƙungiya ta kira shi gwaji, ya yi 'yan makonni, suka ce ya koma za su neme shi, har yau suna nemansa. Amma ya zauna da gindinsa a rukuni na biyu, da wasan yake ci yake sha, har suka ba shi kyaftin. Ɗan telan Manfuha, kyaftin ɗin Turawa a kan ƙanƙara. Ni kam babu wanda ban ishe shi da labarin ba.

Idan suna da wasa sai in tafi shagon Yaya in zauna a kan benci in kunna waya. Bai taɓa cewa in kunna ba, bai kuma taɓa cewa in kashe ba. Yana ɗinki, ido na kan allura, amma duk lokacin da faifan nan ya sami yaron sai in ji keke ya tsaya. Ba zai ci gaba ba sai yaron ya miƙe. Wani lokaci ya ce, "Ɗan naka ya rame. Ba su da tuwo a can ne?" Ina komawa gida sai in kira yaron in kwashe duka in gaya masa. Sai ya ce, "Baffa, wallah kai kake ƙirƙira. Idan gaskiya ne ya faɗa da bakinsa." In koma wurin Yaya in ce ya karɓi waya ko gaisuwa su yi mai tsawo, ya ce, "Lafiya lau? To madalla," ya miƙo mini abata. Na zama kamar tafinta tsakanin mutum biyu da kowannensu yake ganin ni ne maƙaryacin.

Shekaru suka tura, idon Yaya ya fara ƙin zare, kafilinsa ya rasu, 'ya'yan kafilin suka ce za su rufe shagon. Aka fara shirya masa takardun fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. A daidai lokacin yaron ya zo hutu, sai tsofaffin abokan wasansa suka shirya wasan sada zumunta don karrama shi, a filin da ya fara. Na san idan wannan rana ta wuce Yaya ba zai taɓa ganin ɗansa a kan ƙanƙara ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce idan bai je ba ni ma na daina zuwa shagonsa. Ranar Juma'a bayan la'asar na zo na tarar da shi cikin babbar rigarsa ta salla, ya kafa hula, yana cewa shi raka ni kawai zai yi.

Ya zaɓi layin ƙarshe, kusa da wani ginshiƙi, ya zauna. Filin ya cika, Larabawa da Turawa da 'yan uwanmu direbobi da suka ji labari. Yaron ya yi wasa kamar ba na sada zumunta ba. Akwai inda mutum biyu suka taho masa shi kaɗai, ya yi ta ja da baya yana raba su, da ɗaya ya ɗaga sanda sai ya zube ya tare faifan da ƙwaurinsa. Ƙarar har inda muke. Na ji hannun Yaya ya damƙe gwiwata, sai da na yi kwana biyu ina jin wurin.

Da aka tashi, mai lasifika ya sanar cewa mahaifin kyaftin yana cikinmu. Ni ban san za a yi haka ba. Yaron ya cire hular kwano, ya zauna ya kwance takalma, ya hauro matakala daga shi sai safa, mutane na tafi suna buɗa masa hanya. Ya iso gaban ubansa, ƙato, gumi na zuba, ya sunkuya zai sumbaci kansa kamar yadda 'ya'yan Riyadh suke yi wa iyayensu. Yaya ya kawar da kai. Ya ja hannun riga ya rufe rabin fuskarsa, ya juyo wajena ya ce, "Ka ce wa ɗanka ya je ya sa takalmi, ƙasan nan da sanyi."

Tafin ya mutu a hankali. Yaron ya ɗan tsaya a sunkuye, sannan ya miƙe ya yi wani murmushi da giɓinsa, ya ɗaga wa mutane hannu, ya juya ya sauka. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci guda irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin haushin Yaya irin na ranar ba.

A mota Yaya ne ya fara magana. Ya ce, "Ka ga yadda ya raba su? Bai yi gaggawa ba. Sai da ya bari na hagun ya shigo." Ya bi wasan tun daga farko yana lissafa mini abin da ko ni ban lura ba, hawaye na shiga gemunsa. Ya ce, "Ƙafar nan tasa, ka sa ya gasa ta." Na taka birki a gefen titi na ce, "Yaya, don girman Allah, me ya hana ka faɗa masa wannan?" Ya share ido ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Ni? A gaban jama'a? Lallai ka daɗe a ƙasar nan."

Yaron ya zo sallama kafin ya koma, ya durƙusa daga bakin ƙofa, suka gaisa kamar maƙwabta. Yaya ya koma gida da iyalinsa. Bai daɗe sosai ba ciwo ya kwantar da shi, ya rasu da safe aka kai shi da azahar, yaron na can tsakiyar kakar wasa. Ni na kira na gaya masa. Ya yi salati, ya ce na gode, ya kashe.

Daga baya gwiwa ta gama masa wasa. Ya dawo Riyadh, yanzu shi ke koya wa yara a wani sabon fili, ni kuma ya ɗauke ni ina wasa musu takalma, don idona bai kai na Yaya lalacewa ba. Kullum muna tare, amma ba ma tayar da zancen. Sai kwanan baya, ina wasa nasa takalman, ya shigo ya zauna a kan akwatin kaya ya jira na kashe injin.

Ya ce, "Baffa, zan tambaye ka, kada ka gyara mini. Ya taɓa faɗin sunana? Ko da ba na nan. Ko sau ɗaya."

Na so in yi masa ƙarya, Allah Ya sani. Na laluba shekarun nan duka, shago da mota da waya, ko zan samo inda bakin Yaya ya kuɓuce. Ban samo ba.

Na ce, "Ban taɓa ji ba. Amma ɗana, ai shi ya sa..."

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Halas, ya isa, Baffa." Ya ɗauki takalmin ya gwada kaifinsa a farcen babban yatsa, ya miƙo mini ya ce na hagun da saura.