Marufin Kunnenki Na Rataye a Ƙusa, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, ina tsaye gaban injina aka taɓo kafaɗata, don a ɗakin saƙarmu ba a kiran mutum da baki. Sai da muka fita waje aka ce kin rasu.

Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma duk masaƙar nan Yaya muke ce miki. Ke kika koya min ɗaura zare, ke kika riƙe min inji ranar da ɗana ya kwanta rashin lafiya. Kin ba kamfanin nan ƙuruciyarki, ya karɓa, ya haɗa da kunnuwanki.

Shi ya sa kika tasa manaja a gaba sai ya sayo mana marufin kunne mai batir, wanda ke danne bugun inji amma ya bar muryar mutum ta shigo. Ya yi ta miki yawo da hankali. Ƙarshe ya raba mana hedifon na jin waƙa, wai ai shi ma yana kashe ƙara. Kika jujjuya shi, kika ce, "Ranka ya daɗe, wannan na matafiya ne. Gunji kawai yake ɓoyewa, bugun yana nan yana cin kunne." Sai da kika kai kuka sama aka kawo na gaskiyar.

To ga abin da ke ƙona min rai. Yaushe ma aka rufe ki? Jiya na duba, marufan na rataye a ƙusa, ma'aikata sun koma hedifon suna kaɗa kai. Wai naki nauyi gare shi, yana sa gumi, yana ɓata ɗaurin ɗankwali. Ɗankwali fa! Har da Auta, ƙanwata, wadda ke kika samar wa aikin. Tuni ta fara cewa kunnenta na kuka in ta kwanta. Na yi faɗa har muryata ta dishe, ta ce na cika mita.

Ita ba ta je duba ki asibiti ba, ni na je. A gabana 'yarki ta durƙusa bakin gado tana neman gafararki. Ta faɗa a hankali, ta ɗaga murya, ta kai ga ihu, har masu jinya suka waigo. Kika dube ta kina murmushi, kika ce, "Me kika ce, 'yar nan?" Maganarki ta ƙarshe ke nan.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya shirya min Auta tun tana jin kira. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da dangi baki ɗaya, Allah ya ba su haƙuri.

Ke kuma 'yar Yaya, 'yata, ki share hawayenki. Na san uwarki. Wallahi da ta ji ki, da ta yafe miki.