Ummu Hani da Rigar Masu Goyo

A bayan tashar Karaye akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa. Yanzu mai cajin waya ne a ciki, amma shekaru kaɗan da suka wuce shagon ɗinki ne, an rubuta "Hani Bago" da farin fenti a saman ƙofar. Mai shagon, Ummu Hani, tana nan da ranta, gidansu ma bai yi nisa da wurin ba, sai dai idan za ta unguwa takan zaga ta wani lungun don kada ta bi ta gabansa.

'Yar Ruwan Bago ce, ta ƙasar Rogo. Mahaifinta manomi ne mai 'yan shanu, a gidansu da Fulatanci ake magana, sai an fita waje a koma Hausa. Tana ƙarama ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Tani, ta ɗauke ta riƙo zuwa cikin garin Rogo, kuma a ɗakin Gwaggo ta fara taka keken ɗinki. Gwaggo tela ce ta tsohon yayi, riga da zani da ɗankwali, ba ta ƙara komai. Abu guda ta dage a kai, shi ne ba a sa almakashi a yadi sai an yanki ƙyalle an jiƙa shi an ga ko yana zuba. Ummu Hani ta ɗauki wannan, ta kuma zo da nata, domin tana da ido. Mace za ta wuce sau ɗaya, ita ta riga ta gane inda rigarta ta ɗame da inda ta yi burum-burum.

Bayan ta gama sakandare ta auri Shitu, mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Karaye, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son hayaniya. Da kekenta ta tare. Shekarun farko ɗinkin kowa da kowa take yi: mace ta zo da atamfa, ta buɗe waya ta nuna hoto ta ce, "Irin wannan nake so." In an ɗinka ta ce bai yi kama ba, in an warware ta ce an ɓata mata yadi, kuɗin ɗinkin kuma sai an yi ta aike. Wannan aiki ya ishi Ummu Hani.

Haihuwarta ta fari ce ta kawo mata dabara. Ta je wani suna da doguwar riga, jaririn ya fashe da kuka a tsakiyar mata, ta rasa yadda za ta ba shi nono sai da ta nemi ɗaki ta tattare rigar gaba ɗaya. Da ta dawo gida ta zauna ta yanka wata doguwar riga mai ɓoyayyen zif a ƙirji, ta rufe shi da aikin zare ja da kore da ruwan ɗorawa, irin wanda ta taso tana gani a rigunan matan rugarsu. Ta yi mata aljihu mai zurfi a gefe. Ranar da ta sa ta, mata suka yi ta juya ta suna tambaya.

Ta ce wa Shitu, "Malam, ni fa na gaji da ɗinka tunanin wasu. So nake in riƙa sayen yadina, in ɗinka nawa, in sa sunana a wuya. Mai so ta saya."

Ya ce, "To wa zai sayi rigar da ba a gwada shi ba?"

"Mata kala uku ne a wurina: siririya, matsakaiciya da mai jiki. In na yanka uku, kowa za ta sami tata."

Shitu bai gamsu sosai ba, amma bai hana ba. Ya sayar da wani ɗan maraƙi da yake kiwo a wurin surukinsa, ya kama mata shagon nan. Aka bugo mata ƙananan ƙyallaye a Kano masu ɗauke da sunan, rabi nata rabi na garinsu.

Ba da ka take aikin ba. Ta lura cewa da damina mutanen karkara ba su da abin hannu, komai ya tafi taki da ƙwadago, don haka ta mai da damina lokacin ɗinki da ajiya. Da kaka ta yi, aka sayar da gyaɗa da dawa, sai ta fito da kaya. Haka take yi gabanin sallah ma. Kuɗin shago daban, na cefane daban, ko Shitu ne ya ara sai ya mayar. Yadi kuma da kanta take shiga birni ta zaɓo, ta dawo ta jiƙa ƙyallen kowane bandir kafin ta yanka. Da aiki ya yi yawa ta ɗauki Sauda, wata bazawara maƙwabciyarsu mai saurin hannu. Sauda ce ke sa rigar a ɗauki hoto daga wuya zuwa ƙasa, a ɗora a waya, mata su gani su aiko.

Shekara biyu abin yana tafiya. Daga Zoza, daga Rogo Ruma, har daga ƙauyukan da ba ta taɓa zuwa ba ana aiko mai babur ya karɓi "Hani Bago". Gwaggo Tani da ta zo ganin shagon ta daɗe tana shafa ɗinkin ta ciki, ta ce, "Hannunki ya faɗa, 'yar nan. Amma ki riƙa tafiya a hankali."

A cikin shekara ta uku Ɗanmaliki ya shigo lamarin. Ɗan kasuwa ne mai kai hatsi birni ya dawo da kayan koli, abokin zaman Shitu a kasuwa, mai daɗin baki. Shi ya ce a ba shi 'yan riguna ya gwada kai wa masu shaguna a Kano. Ya kai, suka ƙare, ya kawo kuɗin cif. Daga nan Ummu Hani ta yarda da shi.

Ana cikin haka wata Hajiya Ummukulthum, matar wani dillalin shanu a Rogo, ta zo da kanta a mota. Za ta aurar da 'yarta, tana so duk ƙawayenta da danginta su sa rigar Hani Bago a matsayin anko, shuɗiya mai duhu, da farin mayafi. Yawan rigunan ya fi abin da shagon ke ɗinkawa a wata uku, bikin kuma saura wata guda. Ga damina ta zauna, ga Ummu Hani da tsohon ciki na uku, ƙafafunta duk sun kumbura.

Shitu ya ce, "Hani, anya? Ki karɓi rabi mana, ki ce ta kai sauran wani wuri."

Ta ce, "Malam, in matan nan suka sa rigata a wuri guda, an gama. Duk ƙasar Rogo sai ta san ni. Irin wannan damar ba ta zuwa sau biyu."

Ta karɓa duka. Da yake ba za ta iya jigilar mota zuwa birni ba, ta ba Ɗanmaliki ƙyallen yadin da ta saba saye, ta gaya masa shagon. Ya dawo da bandir-bandir, launin ya yi daidai, ya ce mata kuɗin yadi ya tashi amma ya samo. Bai gaya mata cewa a wani wurin ya sayo mai araha ba. Yadin ya iso a makare, ba a kawo wuta ba kwana da kwanaki, man janareta ya yi tsada, mutumin da ta ɗauko ya taya su aikin zare kuma yana jira. Sauda ta ɗauko bokiti za ta jiƙa ƙyalle, Ummu Hani ta ce, "Bari kawai, Sauda, irin wanda muka saba ne. Miƙo almakashi."

Sun gama ana gobe biki, gadon bayan Ummu Hani kamar zai tsage. Ba ta iya zuwa Rogo ba, Sauda ce ta je.

Da la'asar mata suka cika filin ƙofar gidan Hajiya, rigunan sun zauna a jikin kowa, ana ta ɗaukar hoto. Sai hadari ya taso, kafin a tattara kujeru ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mata suka ruga rumfa da zaure, amma sun riga sun jiƙe. Nan shuɗin rigunan ya fara zuba. Ya bi wuya, ya bi hannu, ya rine fararen mayafai, ya sauka har dugadugai. Wata mai goyo ta buɗe zif ta ba ɗanta nono, bakin yaron ya fito shuɗi, ta kurma ihu tana zaton guba ce. Amarya ma ba ta tsira ba, ƙawaye sun rungume ta sun ɓata mata farin leshi. Masu waya kuwa ba su daina ɗauka ba.

Sauda ta dawo da nata wuyan shuɗi, ta tsaya a bakin ƙofa. Kafin ta buɗe baki wayar Ummu Hani ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Baiwar Allah, me na yi miki? Kin tara min jama'a kin mai da su abin dariya."

"Hajiya, don girman Allah ki yi haƙuri, wallahi ban..."

"Riƙe rantsuwarki. Ki zo ki kwashe tsummokaranki."

Washegari hoton bikin ya zaga ko'ina. A kasuwa, in wani abu ya zuba ko ya yi algus, sai a ce ya yi Hani Bago. Shitu ya ɗauki wani dattijo suka je wurin Hajiya da mijinta, aka yi sulhu a kan a mayar da abin da aka biya. Kekuna biyu da janareta suka tafi a nan. Da Shitu ya tari Ɗanmaliki, sai mutumin ya ce shi yadi aka aike shi ya sayo, ya kuwa sayo, in akwai gwaji ai aikin tela ne. Shitu ya ƙyale shi, domin ita ma Ummu Hani abin da take faɗa wa kanta ke nan.

Gwaggo Tani ta zo zaman jego bayan haihuwar. Ba ta ɗaga maganar ba ko sau ɗaya, kuma shirun nata ya fi yi wa Ummu Hani ciwo fiye da faɗa. Ran da za ta tafi ne Ummu Hani ta ce, "Gwaggo, ban jiƙa ba." Gwaggo ta ɗaure ƙullin kayanta ta ce, "Na sani. Allah ya mayar da alheri."

Duk da haka ba ta fid da rai ba, don akwai kayan da ta ɗinka ta ajiye tun farkon damina, masu kyau, waɗanda aka gwada yadinsu. Kaka ta yi, ta fito da su ta rataye. Mata sukan leƙo su taɓa, su juya wuyan su ga sunan, su ce za su dawo. Ta karya farashi, ta ajiye kwanon ruwa a shagon tana tsoma hannun riga a gaban mai saye don ta gani da idonta. Kaɗan ne suka fita.

A wannan kakar ne kuma rigar ta bayyana a kasuwa a hannun 'yan koli, yanka iri ɗaya, zif a ɓoye, aikin zare na inji, ba suna a wuya, kuɗinta rabin nata. Ashe rigunan da Ɗanmaliki ya kai birni, ɗaya daga ciki an warware ta an fitar da yankan. Wannan karon da kanta ta je ta same shi a rumfarsa, da goyo a baya.

"Malam Ɗanmaliki, tsakaninka da Allah, wa ya ba su rigata?"

Ya ce, "Haba matar Malam Shitu, ɗinki ai ba gonar kowa ba ce. Wanda ya gani ya iya, ya ɗinka. Ni sarowa kawai nake yi."

Wani malamin makaranta ya gaya wa Shitu cewa da an yi wa suna da yankan rajista tun farko, da wataƙila akwai magana. Ummu Hani ba ta taɓa jin ana yin haka ba. Da kuɗin haya ya ƙare ba su sabunta ba. Sauran rigunan ta zauna ta cire musu suna da reza ɗaya bayan ɗaya, ta bai wa wata dillaliya ta sayar yadda ta samu. Sauda ta koma wurin yayarta a Kano, ta sami aiki a wani babban shagon ɗinki.

Ummu Hani ta koma cikin gida da tsohon keken da ta tare da shi. Faci take yi, da rage tsawo, da hijaban 'yan Islamiyya in an koma makaranta. Tun haihuwar nan bayanta bai koma daidai ba, ba ta iya dogon zama. Shitu yakan ce ta sake suna ta fara daga ƙasa, takan ce to, maganar ta tsaya nan. Mutanen da suka san ta da surutu da dariya sun ce ta yi sanyi.

Bara Sauda ta zo ganin gida ta biyo ta wurinta. Bayan sun gaisa sun tambayi yara, Sauda ta ce uwar ɗakinta mai shagon tana neman masu tsabtar hannu a ƙauye, don ɗinkin birni ya yi tsada. Za a riƙa aiko da yankakken yadi, kowa da ɓangaren da za ta haɗa.

"Wane ɓangaren za a ba ni?"

"Hannu, Yaya. Hannun riga kawai."

Ummu Hani ta ce sai ta tambayi Malam. Shitu ya ce in tana so ta yi, a kasuwa ma abubuwa sun ja baya, hatsin gidan kuma ba zai kai su kaka ba.

Yanzu duk mako direban motar Kano yakan sauke buhu a ƙofar gidan, ya ɗauki wanda aka gama. Ba a taɓa dawo mata da aiki an ce ta gyara ba. Wata rana ta roƙi Sauda ta turo mata hoton rigar in an haɗa, ta ga yadda hannun ya zauna. Sauda ta ce za ta tura, har yanzu dai ba ta samu sukuni ba.