Uwar Kwaɗi ta rataye farar riga

Kafin masu shara su gama da baranda, ta riga ta buɗe ɗakin gwaji, ta wanke hannu har gwiwa, ta duƙa kan kwanukan da zukatan kwaɗi ke bugawa cikin ruwan gishiri. Haka ta ƙare ƙuruciyarta a jami'a, tana binciken abin da ke sa zuciya ta buga da abin da ke gajiyar da ita. Ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Kwaɗi. Makon jiya ta yi ritaya ba ta kai farfesa ba, kuma ya kamata mutane su san dalili.

Wata shekara ta ga alamar wani sinadari yana farfaɗo da zuciyar da ta yi rauni. Mujalla ta karɓi takardar binciken, ƙarin girma yana bakin ƙofa. Amma al'adarta ce ba ta rufe aiki sai ta maimaita shi da kayan awon wani. Ta aro ma'aunin zafi a ɗakin maƙwabta, sai ga shi nata ƙarya yake yi. Kwanon da take zuba sinadarin ya fi sauran ɗumi, ɗumin ne ke zaburar da zukatan.

Abokin aikinta ya shaida mini da bakinsa cewa ya ce mata, "Haba Yaya, wa zai sani? Kwaɗin ne za su kai ƙara?"

Ta ce, "Wata rana likita zai karanta, ya gwada a kan uban wani."

Ta janye takardar, kujerar farfesa ta wuce ta. Mijinta ya ce, "To Uwar Kwaɗi, ɗinkin walimar ƙarin girman fa?" Ta ce, "Baban yara, tsohuwar rigarka ba ta yage ba."

Ke ce kika ƙi sayen suna da lafiyar wanda ba ki sani ba. Ke ce kika rataye lalataccen ma'aunin nan a bango, kowane sabon ɗalibi sai ya ji tarihinsa kafin ya taɓa kwano. A cikin ɗaliban nan yau akwai farfesoshi, ranar bankwana kuwa ke kika fi kowa dariya.

Mun gode, Malama. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa a ci moriyar hutu. Ku kuma masu gaggawar ganin sunanku a takarda, kafin ku aika, ku je ku aro ma'aunin maƙwabci.